Yadda Muka Kai Motar Malam Tarauni

Gyaɗi-Gyaɗi

Ana sallame asuba muka fito, tun babban ɗana bai farka ba. Shi ne ya kira dillali ya zo da la'asar ya ɗauki motar maigidana Malam, wai tunda uban ya makance mota ba ta da amfani. Ni kuwa na san ran da motar nan ta bar ƙofar gida, Malam ya gama fita. Da ita ake kai shi Juma'a, da ita yake gaida abokansa tsofaffin direbobi.

Malam ne ya gano ciwon motar. Kullum sai ya shafa motar, ran nan ya ji giris ya fantsama a bayan tayar gaba. Ya ce robar shaf ce ta yage, wadda ke rufe gaɓar da ke juya taya, in yashi ya shiga gaɓar ta mutu. Yaron na jin "shaf" ya ce a sayar.

Na durƙusa na naɗe wurin da leda, na yagi bakin tsohon zanina na ɗaure. Maƙwabciyarmu Madam Rifkatu, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, ita ta ja. Malam a gaba, ni a baya.

Unguwar Gano

An kwana ana ruwa, hanya duk taɓo. Malam ya ce kar tayar ta taɓa kududdufi. Haka muka dinga kewaye, masu adaidaita na ta mana hon. Wani ya leƙo ya ce, "Inna, amarya kuka ɗauko?" Na ce, "Kakarka muka ɗauko, wuce."

Madam ta ce, "Baba, ni nake gani fa, kai kake tuƙi." Ya ce, "To rage wuta, na ji rami a gaba." Ramin kuwa yana nan.

Tarauni

Mun isa garejin Sule bakanike hantsi bai yi ba. Muka sayi ƙosai da kunu a bakin titi, ƙosan ba gishiri. Sule ya ga ɗaurina ya yi dariya, ya ce, "Hajiya, alala kika ƙulla?" Sai ya ce gara a sa wani shaf ɗin ɗungurungum, kwancewa wahala ce. Na ce roba na zo canzawa. Na ja benci na zauna a bakin tayar.

Ya ɗaga motar da jak, ya cire taya, ya kwance babban noti, ya zaro kan shaf. Ya yanke tsohuwar robar, ya wanke gaɓar da fetur. 'Yan ƙwallayen ƙarfen da ke ciki ya zuba wa Malam a tafin hannu, don na ce shi zai yanke hukunci. In sun lalace, na sha kaye a wurin yaron.

Malam ya dinga murza su ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe. Ni ko kunun ban iya shanyewa ba. Can ya ce, "Sumul suke. Sule, cika giris, kar ka yi mata rowa." Aka zura sabuwar roba, aka ɗaure bakinta biyu da zoben ƙarfe. Waya Sule ya so ɗaurawa, na hana.

Gida

Mun tarar da dillali a kan dakali, shi da yaron, tun azahar ba ta yi ba. Madam ta murɗe sitiyari har ƙarshe, ta zagaya a gabansu, ko ƙas ba a ji ba. Na fito na ce wa dillalin a kawo masa ruwa ya sha ya kama hanya. Makullin na ƙulle a bakin zanina.

Yaron ya buɗe ƙofa zai kama uban. Malam ya ce, "Bar ni tukuna, ban gaji da zama ba." Ya sauke gilas ya ɗora gwiwar hannu a taga, yadda yake yi yana direba.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Madam da Sule. Jibi Juma'a, kuma yaron ne zai ja.