Ɗigon da Ya Hau Kafaɗa

Lokacin da muke zaune a wani bene a High Point Road, ni ce mai yi wa matanmu na garin Greensboro a Amurka lalle in suna ya taso. Ƙofarmu na kallon ta wata tsohuwa 'yar Hong Kong, wadda ɗanta ke da gidan abinci. Turancinta guntu ne, nawa ma haka, don haka muka shirya. Ina ce mata Mama.

Wata Asabar ta tarar da ni ina kwaɓa lalle. Ta miƙo bayan hannunta, ta ce ita ma tana so, amma rubutunsu zan yi mata, ba fure ba. Ta tsoma yatsa a shayi ta zana a kan tebur, tana kiran sunan kowane layi da Kantonis, yarensu. Na kwance shi ne waang. Wanda ya gangaro hagu, pit. Na dama, naat. Sai ga wani ɗan mutum ya buɗe hannu ya tale ƙafa.

"Wannan daai, babba ke nan," in ji ta. Ta ɗiga ɗigo tsakanin ƙafafun. "Dim. Yanzu ya zama taai. In kin faɗa sau biyu, matar gida."

Na fara daga ƙafa, ta buge mini hannu. Wai sai an ja na kwance tukuna. Na bi tsarinta. Ana haka 'yarta ta kira ta a waya, hira ta yi daɗi, ni kuwa na duba tebur, shayi ya bushe. Na ga kafaɗar dama ta fi fili, na ajiye ɗigon a can.

Sai da lalle ya kama ta sa tabarau ta duba. Ta yi dariya har da tari.

"Kin san me kika rubuta? Kare."

"Haba Mama, ɗigo ɗaya?"

Ina rufe baki na tuna malaminmu na allo a Maraɗi, da yadda yake tsare mu a kan harafin ba da harafin nun, wannan ɗigonta a ƙasa, waccan a sama.

Na ce bari in mayar da ɗigon fure, in sa wani a inda ya dace. Ta ɓoye hannun a bayanta, ta ce sai ɗanta ya gani tukuna. Da yamma na hango ta a wurin ajiye motoci ta tsayar da wata ƙawarta, tana nuna mata hannun tana nuno tagarmu. Washegari ƙawar ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, riƙe da nata rubutun a takarda.