Hannun Mai Ɗora Gilashi

A tashar jirgin ƙasa ta Eindhoven, wata mata mai furfura tana zaune kusa da ni. Fuskarta babu hoda, kamar ta masu aiki a ɗakin da aka hana ƙura shiga. Tana miƙa hannun dama tana dubansa, yatsun suna ɗan rawa.

"Irin nawa ke nan, 'yar'uwa," na ce da dariya. "Tsufa ne."

Ba ta murmusa ba. "Malam, gilashi nake ɗorawa, ƙarami kamar ƙwayar riɗi, in daidaita shi har hasken leza, wani siririn haske mai ƙarfi, ya shige zare mai sirin gashi. Ranar da hannun nan ya gaza, aikina ya ƙare."

Sai ga abokiyar aikinta riƙe da kofi. "Marjolein mai hannun dutse! Yau ma ba ki sha?"

Ina jin tun da rawar ta fara ta bar shan kofi, don kada ya ƙara mata rawar. Tana cusa hannun a aljihu, tana yi mini kallon mai roƙon in yi shiru. Abin da take ɓoye wa kowa, ni na ambace shi da ƙarfi, don kawai in sami abokiyar hira.