Ajiyar Gwaggo a Gidan Mai Kare

A layin nan babu mai buƙatar agogo muddin Gwaggo Tsawa tana numfashi. Gari na wayewa za ka jiyo ta a bayan gida tana yi wa kaji faɗa, ta juyo kan mijinta, in ta rasa mai laifi ta sauke wa tsintsiya. Shekara da shekaru ta yi tana wanki a wani asibiti, tana ɗaga murya don a ji ta cikin ƙarar injina. Da ta bar aikin sai ta taho gida da muryar, da kuma hannuwan da sabulu ya gama cinyewa.

Amma wanda ya san ta ya san zuciyarta a akurki take kwana. Kajinta durgu ne, masu gajerun ƙafafun nan da in suna tafiya sai ka rantse cikinsu na share ƙasa. Mahaifiyarta ce ta ba ta ta farko a cikin kwali ranar da za ta bar gida, ta ce mata, “Ba ta da sauri, amma ba ta tashi daga kan ƙwanta.” Tsohuwar ta daɗe da rasuwa. Ba ta bar gona ba, ba ta bar ko hoto ba, kazar nan ita ce gadon. Gidajen hayar da Gwaggo ta sauya ita kanta ta daina ƙirgawa, amma a kowane tashi akurki ake fara ɗorawa a mota kafin gado. Duk matar da ke son irin durgu a unguwar nan wurinta take zuwa, ta sha faɗa tukuna, sannan a ba ta ƙwai biyu da dogon gargaɗi. Kuma babu wadda ta riƙe amanar. Wata ta yanke don baƙo, wata ta saki suka gauraya da dogayen zakaru har irin ya ɓace.

Mijinta tsohon tela ne da ido ya ajiye shi, kullum yana gindin bango da rediyo. Yakan ce, “Da a ce ni durgu ne, da na more aure.”

“Da ka yi ƙwai ko ɗaya, Malam, da ka ga gata,” in ji ta.

Ana nan sai wani mai walda ya kama gidan da ke jikin nasu, ya buɗe shago a ƙofa. Ɓarayi suka yi masa ɗauki ɗai-ɗai da ƙarafa, shi kuma ya je ya kawo kare, wani jibgege mai kai kamar turmi, ya sa masa suna Guduma. Abin da ya raba gidajen biyu tsohon langalanga ne da tsatsa ta ci gindinsa. Bayan gidan Gwaggo kuwa bola ce, kuma mai gidan hayar ya fi shekara yana alkawarin katanga.

Tun ranar da ta ga hancin karen yana leƙe ta ƙarƙashin langalanga ta san za a rina. In ka ga kare na shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Kazar da ke da dogayen ƙafafu takan zura da gudu ko ta haye bango, durgu fa ina za ta? Sai ta yi ta rangaji har a kama ta. Abin da ya fi ƙona wa Gwaggo rai shi ne, la'anannen ba yunwa ke sa shi ba. Kamawa yake yi ya girgiza, ya yar, ya nemi ta gaba. Ba a jima ba karnukan bola suka gane hanyar da ya buɗe, suka riƙa shigowa ta baya suna kwashe abin da ya rage.

Ta tsaya a bakin shagon da gawar zakaranta a hannu, har sai da Mai-walda ya kashe injin ya ɗaga gilashin fuskarsa.

“Kai, ɗan nan, dubi aikin ɗanka!”

“Subhanallahi. Gwaggo, ki yi haƙuri. Wallahi ina ɗaure shi, tsinke igiyar yake yi.”

“Igiya? Kai da ka ƙera wa rabin gari ƙofar ƙarfe, karenka ne ka rasa abin ɗaure shi sai igiyar shanya?”

“Zan biya, Gwaggo. Ko in ƙera miki keji, ki rufe su.”

“Ka biya me? A wace kasuwa ake sayar da kajin uwata? Kejin kuma ka sa mai laifin a ciki. Na taɓa rufe su, suka daina ƙwai suka koma tsattsagar juna. Kaza ba fursuna ba ce!” Ta dangwarar masa da zakaran a kan teburin aiki. “In na ƙara taka gidan nan, a canza mini suna.”

Ya sa wa karen sarƙa, gaskiya ne. Amma sarƙar ta yini ce. In zai rufe shago sai ya sake shi ya yi gadi, kuma ba kullum yake tashi da wuri ya mayar da shi ba.

Da sanyi ya ɗaga, bazara ta kunno kai, kaza ɗaya ta rage wa Gwaggo, wata baƙa da take kira Gimbiya. Allah ya taimaka zakaran ya bar baya kafin ya tafi. Gimbiya ta tara ƙwai a gurbinta, ta hau kwanci. Gwaggo ta tokare ƙofar akurki da bulo, ta toshe ramin langalanga da ƙaya da fasassun kwalabe. Tun da take ba ta taɓa jiran ƙyanƙyasa da fargaba irin wannan ba.

Saura ƙiris a ƙyanƙyashe, wata safiya ta buɗe wa kazar ta sha ruwa, ta shiga ɗaki ɗebo tsaba. Tsakanin shigarta da fitowarta aka gama komai. Guduma ya tona sabon rami. Gimbiya kuwa, maimakon ta nemi hanyar tsira, sai ta koma kan ƙwanta ta baje fiffike, a nan ya same ta. Gwaggo ta jefe shi da kwanon tsaba, ta bi shi da taɓarya, ya sulale ta inda ya fito.

Malam ya taso yana laluben bango, yana jiran ya ji tsawa. Shiru. Abin da ya tsorata shi ke nan. Ta durƙusa ta janye kazar, ta tarar an fasa wasu, bakwai sun tsira. Ta ɗora ɗaya a kan fatar idonta, ta ji da sauran ɗumi. Nan take ta zare ɗankwali ta naɗe su, ta cusa a cikin zani a jikin cikinta, ta ɗaure.

“Ina za ki?”

“Neman uwa.”

Ɗumin mutum ba ya ƙyanƙyashe ƙwai, sai dai ya ja masa rai na ɗan lokaci. Ta bi layi gida-gida, hannu ɗaya dafe da ciki kamar mai naƙuda, tana sallama tana tambaya ko akwai kaza mai kwanci. Nan a ce an yanka, can a ce tasu ta ƙyanƙyashe tun tuni. A gidan ƙarshe matar mai shayi ta ce, “Gwaggo, kar ki ci ni da faɗa. Kaza ɗaya na sani tana kwanci a layin nan, ta matar Mai-walda.”

Gwaggo ta tsaya a tsakiyar titi, baƙin ciki kamar ya kashe ta. Duk gidajen duniya a rasa inda za a kai marayu sai gidan wanda ya kashe uwarsu! Ta taɓa ƙunshin, ta ji ɗumin yana ja da baya. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, haka ake faɗa, amma masu faɗar ba su ne suka yi rantsuwa a bakin shago ba. Ta wuce Mai-walda ko kallonsa ba ta yi ba, ta faɗa cikin gidan.

Matar tana wanke-wanke, ta miƙe da kumfa a hannu. “Gwaggo, sannu da zuwa, wallahi yanzu muke…”

“Riƙe gaisuwarki, 'yar nan. Yaushe kazarki ta hau?”

Da suka lissafa, kusan tare kajin biyu suka fara kwanci. Sai dai jar kazar gidan ta riga ta cika gurbinta, ba za ta iya rufe ƙarin bakwai ba. Matar ta zura hannu ƙarƙashin kazar tana shan tsattsaga, ta zaro wasu daga cikin nata ƙwan ta ajiye gefe, ta ce, “Sa naki.” Wannan ma ya ƙara ɓata wa Gwaggo rai, don ta shigo da faɗa cike da baki an hana ta wurin saukewa. Ta ɗauki gawayi ta yi wa kowane ƙwai zane, ta jera su da hannunta. Can a gindin bishiya Guduma yana ɗaure, da gashin Gimbiya a gefen bakinsa, yana kaɗa mata wutsiya.

Da ta koma gida Malam ya rage muryar rediyo. “To, wane sunan za mu sa miki?”

Haushin kaza, huce kan dami. Ranar bai ga abincin rana ba sai da la'asar.

Biyar suka fito. Ba a ma buƙaci zanen gawayi ba, don ga su nan a cikin 'yan tsakin gidan kamar an danna su ƙasa, in sauran sun ruga, su suna baya suna mirginawa. Ɗauko su a lokacin kisa ne, dole a bar su sai jar kazar ta yaye su. Gwaggo ta samu wata huda a jikin langalanga, nan ta mayar wurin zamanta. Abin da ta gani ta hudar nan kuwa ya fi kisan Gimbiya ci mata rai. Guduma yana kwance a rana, jikokin kazar uwarta suna hawa bayansa, suna tsince masa ƙuda a kunne, shi kuma ya lumshe ido. Shirwa ta kawo sura, ya zabura da haushi har ta canza hanya. Wani karen bola ya leƙo, ya yi masa korar da bai sake dawowa ba. Ashe munafukin ya san kaza sarai. Ta gidansu amana ce, ta maƙwabta kuwa abin wasa.

Ranar da aka yaye su ta ɗauki kwando ta tafi karɓo kayanta. Tana sunkuyawa ta kama ta farko, sai ga Guduma ya sha gabanta, ya baje haƙora yana gurnani.

“Ni? Ni kake yi wa kallon ɓarauniya? Kai da jinin uwarsu bai gama bushewa a bakinka ba?”

Mai-walda ya rugo ya riƙe shi. Gwaggo ta tsince biyar ɗin ta zuba a kwando.

“Ga su nan, Gwaggo, naki ne, babu mai ja,” in ji shi, kansa a ƙasa. “Na liƙe ƙasan langalangan da ƙarfe, wannan ba zai ƙara shiga ba. Na bola ne ban san yadda zan yi da su ba. Jiya ma na ga uku a bayan gidanki.”

Ta sani, ai da idonta ta ga sawunsu a bakin akurki. Ta kai bakin ƙofa ta tsaya. 'Yan kajin suna ta kuka a kwando suna miƙa wuya wajen tsakar gidan da suka sani. Taku kaɗan ne zuwa gidanta, inda za su zama nata, su yi sati ko biyu kafin karnukan bola su gama da su. Ta tuna kwalin nan, da muryar tsohuwa. Ta yi tsaki mai ƙarfi, ta dawo tsakar gida, ta karkata kwandon. Suka fito suna rangaji, kai tsaye suka nufi gindin bishiya wurin karen.

“Ku saurara da kyau, kai da matarka. Ba kyauta ba ce, ajiya ce. Kar a haɗa mini su da wani dogon zakara. In ɗaya ta yi ko tari, sai layin nan ya yi muku kaɗan.”

“In sha Allahu, Gwaggo.”

“Kuma ban yafe ba.”

Har yau kowace safiya takan shiga da kwanon dusa, ba sallama ba murmushi, ta ƙirga su, ta zagi karen, shi kuma ya raka ta har ƙofa yana kaɗa wutsiya. Sun yi yawa yanzu, sun cika tsakar gidan. Akurkinta kuwa Malam ya mayar da shi wurin ajiye tsofaffin takalma.

Kwanan baya tana shara a bayan gida ta ji wata baƙuwa ta yi sallama a ƙofarta, tana tambaya, “Don Allah, nan ne gidan Mai-walda, mai durgun nan? Iri nake so.”

Malam ya yi gyaran murya, ya ce a hankali, “Ƙofa ta gaba.”

Gwaggo ta yar da tsintsiya, ta kama langalanga da hannu biyu ta girgiza shi. “Nawa ne! Kajin uwata ne!”

Daga can ciki babu wanda ya amsa mata sai karen.