Rakiyar Malam Idi

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin karatun garinmu ya san ba ya fita shi kaɗai. Ko jarida ka leƙo ka duba, sai kawuna Malam Idi ya ajiye abin da yake yi, ya zura silifas, ya raka ka har gindin dalbejiyar bakin hanya. Nan zai tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi tsohuwarka ko da da shi aka yi jana'izarta bara. In ka ce ya huta, amsarsa ɗaya ce: "Baƙon da ba a raka ba, koro shi anka yi."

Shekara da shekaru da masara yake ƙidayar masu shigowa. Kowa ya yi sallama sai ya jefa ƙwaya ɗaya cikin gwangwanin madara. Ranar Juma'a ya juye ya ƙirga, masarar ta koma aljihu, don Kawu ba ya yar da ko tsinke. Wata rana ya fita rakiyar wani malamin makaranta daga Yankara, hira ta yi daɗi, kazar maƙwabta ta shiga ta ture gwangwanin. Ko da ya dawo ta cinye Asabar da Lahadi da rabin Litinin.

Abin ya zo a mummunan lokaci. Kwamitin gari ya sa ido a kan ɗakin, suna so su mai da shi rumbun taki, wai ba mai karatu. Shugabansu Alhaji Mamman ya yanka adadin mutanen da za a riƙa samu kowane mako, ya ce in damina ta fita ba a cika ba, buhuna za su shiga. Da Kawu ya kawo zancen gwangwani, Alhaji ya ce shaidar da kaza ke iya haɗiyewa ba shaida ba ce. Na ji zafin dariyar da aka yi masa ranar, har yau ban manta ba.

Lokacin ina koyarwa a Faskari. Na rubuta wa wata ƙungiya mai taimakon ɗakunan karatu, suka turo ma'aikaciyarsu, Malama Rabi, da hanyoyi uku ya zaɓa. Kawu ya zaunar da ita yana bincike kamar mai sayen bijimi a kasuwar Yankara. Littafin sa hannu ya ƙi shi nan take, ya ce rabin mutanensa manoma ne masu zuwa a karanta musu takarda, ba zai tsayar da dattijo a bakin ƙofa ya tona masa asiri da biro ba. Kyamara ma ya ƙi, ya ce ranar da aka ji ana ɗaukar hoto, ba matar auren da za ta sake takowa, ga shi kuma wutar garinmu sai ta ga dama. Saura 'yar na'ura mai batir da ake maƙalawa a jikin ƙofa daidai ƙugu, wadda ke ƙirga duk wanda ya gifta ta raba biyu, shiga da fita. Ya tambaya ko tana gane fuska, aka ce a'a. Ya tambayi kwanan batir, aka ce wata da watanni.

"Wagga ta san mutunci," in ji shi. "A sa ta."

A ƙarshen wata, na'urar ta ba da adadin da ya zarce na Alhaji Mamman nesa ba kusa ba. Malama Rabi ta bugo tana taya murna, ni kuma har na fara neman mai yin waina. Kawu bai yi murna ba. Ashe bai daina jefa masararsa ba, sai dai yanzu gwangwanin da murfi, kuma na'urar ta ninka masara sau biyu cif. Kwana biyu yana zaune yana harararta kafin ya gane. Kowane baƙo ya raka, fitarsa da dawowarsa mutum guda ne a wurinta.

Na ce masa ya yi shiru, Allah ne ya kawo mana. Kallon da ya yi mini sai da na ji kamar ban taɓa shiga aji ba.

"Kai ɗan nan, mi kake koya wa ɗiyan mutane? Ɗakin ilmi za a tsaida da ƙarya?"

Da ƙafarsa ya je gidan Alhaji Mamman ya ce rabin adadin nan shi ne, na gaskiyar kuma bai kai ba. Alhaji ya ce tunda yake bai taɓa ganin wanda ya kawo ƙarar kansa ba. Na ce wa Kawu to ya daina rakiya mana, ya ce sai dai in ya daina numfashi.

Kun san abin da ya yi, don kun gani da idonku. Dattijo mai shekara saba'in, da ciwon gwiwa, ya riƙa durƙusawa yana rarrafe ta ƙarƙashin na'urar, fita da dawowa, kowane baƙo. Baba Ɗanjuma, Bamagujen nan na wajen Sabuwa mai zuwa a karanta masa wasiƙar ɗansa, da ya ga malami guda ya durƙusa, shi ma ya zube ya bi ta ƙasa. Kawu ya riƙe masa riga.

"Koma ka wuce tsaye, Ɗanjuma. Ladabinka ya jawo mini asarar mutum guda."

Giɓin da ya rage kuwa keke ya hau ya nemo shi. Ya bi gonaki da majalisu yana cewa duk mai kwalbar maganin feshi da bai gane rubutunta ba ya kawo, amma karatu sai a cikin ɗaki. Mata suka zo da takardun asibiti, wasu suka zauna suka buɗe littafi. Da damina ta fita, adadin ya cika da 'yar rara kaɗan, kuma masara da na'ura sun yi daidai. Aka kai taki wani wuri.

Gwiwar ce ba ta yafe masa ba. Watanninsa na ƙarshe a kujera ya yi su, ba ya iya durƙusawa, kuma ya ƙi wucewa tsaye ya ɓata ƙidaya. Kowa zai fita sai ya bi shi da ido ya ce, "Yi haƙuri, ba koro ba ne."

Ranar da ya rasu gari ya fito kaf, har Baba Ɗanjuma da sandarsa, muka raka shi, muka wuce dalbejiyar da ya saba tsayawa. Yanzu mabuɗin ɗakin yana hannuna, kuma gwiwata ta fara ƙara. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sa ya tarar da masu tarbarsa kamar yadda ya raka mu. Amin.