Ranar da Damata Ta Je Neman Lafinta

Shekara ashirin da biyu Damata ta yi a Highbridge, wata unguwa ta Bronx a ƙasar Turawa, a hawa na biyar na wani gini da kullum lif ɗinsa a lalace yake. Aikinta kula da tsofaffi ne a gidajensu, ta yi musu wanka, ta canza musu zanen gado. Amma matan Zango, 'yan garinsu Kumasi da ke zaune a nan, da wani abu daban suka san ta: ita ke wanke musu gawa. A Kumasi ta koya wurin kakarta. Hannunta da taushi, bakinta kuma a rufe. Abin da ta gani a jikin mamaciya, ko mijin Damata bai taɓa ji ba har ya bar duniya.

Saboda bakin nan ne ƙawarta Hamdatu ta jawo ta gefen gadon asibiti. Shekara uku ke nan da likitoci suka yanke wa Hamdatu nono ɗaya, ta ɓoye wa kowa. Tsumma take cusawa a rigar mama, ta je biki ta je suna, ba wanda ya gane.

"Damata, ke za ki wanke ni. Mai zuba ruwa ma ta kau da kai. Kin san bakin matan nan, kafin a kai ni kabari labari ya isa Kumasi."

"Ni ce, in Allah ya yarda."

"Kuma lafinta, irin ta gida. Kar ki bari a fesa min abin wanke banɗakin nan nasu."

Suka yi dariya, har tari ya sarƙe Hamdatu.

Lafinta turaren kwalba ce da ake yayyafa wa likkafani a gida. Damata ta zaga shagunan 'yan Afirka, daga Highbridge har Concourse, kowa ya ce ta ƙare.

Ana nan, cikin watan Yuli, 'yarta Rukaya ta ga uwar ta rame. Rukaya irin yaran da aka haifa a nan ce, a yi mata Hausa ta mayar da Turanci. Ta ce ranar Laraba za ta kai ta gonar lavender, can ƙarshen Long Island, wai furen ba ya wuce sati biyu. Kunnen Damata lafinta ya ji. Ta ce a ranta, ashe a ƙasar nan ake yin ta? In ban da haka, me zai raba ta da Bronx, Hamdatu na kwance rai a hannun Allah? Uwa ba ta tambaya ba, 'ya ba ta yi bayani ba. Gida ɗaya, kowa da yarensa.

Suna shiga mota Rukaya ta karɓe wayarta ta jefa a jaka. "Mma, please. Yau ba waya."

Tafiyar kusan awa uku ce. Benaye suka ƙare, sai gonakin inabi da rumfunan masara a bakin titi. Da suka isa, Damata ta tsaya tana kallo. Fili ne shuɗi-shuɗi har iyakar gani, ƙudan zuma na ta kuka a ciki, mata sanye da fararen riguna suna kwanciya cikin furanni ana ɗaukarsu hoto. Ta tsinki ɗaya ta murza ta shinshina. Ƙamshin ya yi kusa da na gida.

"Ina kwalaben?"

"Wane kwalabe, Mma?"

"Na gawa mana!"

Rukaya ta toshe baki tana dariya, ta ja ta zuwa shagon gonar. Sabulu, kyandir, 'yan matasai na sawa a ƙarƙashin kai, duk da furen aka yi su. Har biskit. Damata ta ga wata tsohuwa tana tauna shi tana lumshe ido. Ƙamshin da take rakiyar mutane kabari da shi, su ci suke yi!

Ta ce a koma. Rukaya ta ce sai sun ga Greenport, garin da ke kusa. Suka je. Gari ne tsaf, ga jiragen ruwa a ɗaure, ga shagunan tsofaffin kujeru. Rukaya ta sayo soyayyen kifi, Damata ta zauna a benci bakin ruwa ta ajiye nata a gefe. Sai ƙarfe ɗaya, da ta ce za ta duba lokacin azahar, aka miƙa mata wayar.

Kira goma sha tara. Hamdatu ta cika tun takwas na safe. Gidan da ke shirya gawa ya ba da ƙarfe biyu don wanka, saboda maƙabartar New Jersey da wuri take rufewa.

Damata ta kira, ta roƙa a jira ta. Maza suka ce ba a jinkirta gawa don mutum ɗaya, ga mata biyu sun ce sun iya. Sun iya! Rukaya tana tuƙi tana kuka tana ba da haƙuri da Turanci, motoci sun cushe tun kafin unguwar Queens. 

Kafin su shigo Bronx an rufe Hamdatu.

Damata ta wuce gidan gaisuwa a Concourse Village. Tana cire takalmi a bakin ƙofa ta jiyo muryoyin matan.

"Wai ɗaya ne fa, wallahi."

"Tsumma! Duk gayun nan tsumma ne."

Ta shiga, aka matsa mata wuri. Wata mai zuba shayi ta sunkuyo. "Anti Damata, ashe kin sani kika yi shiru?"

"Cikakkiyar mace na sani. Ku yi mata addu'a, ko ku tashi ku ba mutane wuri."

Ba wadda ta tashi. Aka ɗaga hannu aka shafa fatiha a gurguje. Damata ta miƙe ta shiga banɗaki yin alwala, kafin ta buɗe famfo ta ji sun ci gaba daga inda suka tsaya.