Kuregun Gefen Maƙabarta

Milutin ya yi shekara arba'in da ɗaya yana kiwon tumaki a tudun bayan ƙauyensu, a ƙasar Banat. A wancan zamanin tumaki kan aske ciyawar tudun ƙasa-ƙasa, kurege ya fito bakin raminsa ya miƙe tsaye, ya hango gaggafa tun daga nesa. Da matasa suka watse birni aka sayar da garkuna, ciyawa ta kai ƙugu, ƙaya ta cinye hanya. Shi kuwa kurege ba ya zama inda ba ya ganin gabansa. Kuregu suka ƙare a tudun ƙaf.

Saura 'yan ƙalilan a gefen maƙabarta, kusa da kabarin matarsa Desanka. Duk Asabar Milutin kan zo da dogon lauje ya yanke ciyawar wurin don kada ta rufe sunanta, su kuma suka ga wuri fetal suka tare. Mutumin da a ƙuruciya ya kashe kuregun da bai san iyakarsu ba, wai suna ɓarnar alkama, shi ne yanzu yake gutsura musu burodi yana yi musu faɗa. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai. Ban da su, sai ya yi kwana huɗu bai buɗe baki ba.

Sai ga Zorana, wata mai nazarin namun daji, ta zo da ma'aikata da zarto mai inji. Shekara biyu suna saran ƙaya a tudun, aka kawo tumaki daga wani ƙauye suka gyara sauran. Tudu ya dawo tudu, amma babu kurege ko ɗaya, gaggafa kuma ba za ta dawo inda babu abincinta ba. Zorana ta sami Milutin a maƙabarta.

"Baba Milutin, muna so mu mayar da kuregun nan tudu, amma sun ƙi shiga tarkonmu. An ce kai ne gwani."

"Wa ya ce? Duk wanda ya san ni da wannan aikin yana kwance a nan. Duk karatun naku, kurege ya gagare ku?"

"Ya gagare mu, Baba. In suka zauna nan, kuliyoyin gari za su gama da su."

Ya san gaskiya ta faɗa, don sau uku yana tsintar wutsiya a bakin shinge. 

"To 'yar nan, kawo bokiti."

Ba kowane rami ake zuba wa ruwa ba. Mai karkata ɓata ruwa ne, sai wanda ya nutsa tsaye kamar rijiya. Milutin ya durƙusa ya tuttula, ya jira, kurege ya leƙo a jiƙe sharkaf, ya cafke wuyansa. A da, daga nan sai murɗewa. Hannun bai manta ba, sai da ya ciji leɓe ya hana shi. Goma sha bakwai ya kama a yini biyu, na ƙarshe ya gantsara masa cizo a babban yatsa.

"Madalla, ɗan banza," in ji shi. "Ka rama wa kakanninka."

Aka loda su a akwatuna, mota ta hau tudu.

Da bazara ta zagayo Zorana ta aiko cewa sun zauna, har sun haihu, ya zo ya gani. Ya ɗauki sanda ya kama hanya. Bai ci rabin hawan ba gwiwa ta ƙi, ya zauna kan kututturen ƙaya yana haki. Ya kanga hannu a kunne ko zai jiyo fitonsu. Iska kawai ya ji. Sabon makiyayin, wanda bai san shi ba, ya biyo da garke da karensa ya tsaya.

"Tsoho, wa kake jira a nan?"

"Babu kowa," in ji Milutin. "In ka kai sama, ka riƙe karenka."