Kayan Abokina da Na Wanke

Mutumin Kano bai san shanya tana kwana uku ba ta bushe ba. A gida ka wanke riga ka shiga sallar azahar, kafin ka shafa addu'a ta yi ƙarau. Da wannan ilimin na je Guangzhou ta ƙasar Sin, kuma shi ya kayar da ni.

Shekara huɗu muna ɗaki ɗaya da abokina a bayan kasuwar Tianxiu, shi yana sarin takalma, ni yadi. Cikin damina ya rasu, ciwon kwana biyu, a can muka yi masa sutura. Daminar can kuwa ba irin tamu ba ce. Ruwa sai ya yi mako yana zuba, in ya ɗauke bango ya kama gumi, tawul ɗin da ka rataya jiya yau ya fi jiya laima.

Mahaifiyarsa ta sa aka kira ni a waya. Tsohuwa ce, idonta ya daɗe da tafiya. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunansa. Ta ce, "Ɗan nan, tunda ba zan je kabarin abokinka ba, ka taho mini da kayan sawarsa." Na ce, "To, Inna."

Kayan ba su da yawa: kaftani biyar, babbar riga ta farar shadda, huluna uku. Suna rataye a bayan ƙofa, duk warin gumi da miskin da yake shafawa. Sai na ji kunyar kai wa mutane kaya da datti, wai ni mai tsafta. Na zage na wanke su tas, har da sitaci, na shanya a baranda.

Maƙwabcinmu, wani ɗan Gana mai tura kaya ta jirgin ruwa, ya ga ina ninkewa a rana ta uku. Ya ce, "Maigida, kai su wurin injin busarwa a ƙasan bene. Iskar garin nan ruwa ce." Na ce masa tun kafin a haife shi nake wanki. Na taɓa, hannuna ya ce sun bushe. Na cusa su a leda, na matse iska, na naɗe da salatif don kada ruwan sama ya taɓa su. Laimar tana ciki na kulle ta.

Ranar tafiya jakata ta wuce kilo. Ko dai samfurin yadin da na kwaso a kasuwar Guangyuan ya sauka, ko ledar. Ban ma daɗe ina tunani ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau. Na ce ai tufafi ba tumatir ba ne. Na miƙa wa ɗan Ganan ya sa a kwantena, ta yi wata biyu a hanya.

Da kaina na kai wa Inna. A kan tabarma, gaban ƙannen marigayin mata, na yanke salatif. Funfuna ta cinye komai, farar shaddar nan ta koma dabbare-dabbare, baƙi da kore, wari ya cika ɗakin. Ƙannen suka sunkuyar da kai. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, duk da haka wata zuciyar tana ce mini gara da ba ta gani.

Ta lalubo kaftani ɗaya ta kai fuskarta, ta daɗe tana shaƙa a wajen wuya. Ta ajiye, ta ɗauki na biyu. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, har hulunan, tana juya cikinsu waje.

Sannan ta ce, "Wanke su ka yi?"

Na ce, "E, Inna."

Ta ninke kaftanin a cinyarta, ta shafe shi da tafin hannu.

"Ka yi ƙoƙari. Allah ya yi maka albarka."

Ba ta ce komai a kan funfunar ba, kuma a hanyar gida na gane dalili. Ko da sun bushe ƙarau, ko da na rungumo su a jirgi, abin da ta aike ni in kawo mata tun a Guangzhou na zubar da shi tare da ruwan sabulu.